Ranar da Ƙofar Ɗakina Ta Ce Ba Ta San Ni Ba

Yawan ɓatar da mabuɗi ne ya jefa ni cikin wannan lamari. A cikin shekara ɗaya sau uku ana fasa kwaɗon ƙofar sashena a gidanmu na gado da ke Aboabo, a nan Kumasi, kuma duk sau ukun ni ne na yar da mabuɗin, sau ɗaya a cikin tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, a hanyar kasuwar Kejetia, sauran biyun kuwa Allah kaɗai ya san inda suka faɗi. Da yake na riga na sa fitilu da fanka waɗanda nake kunnawa da wayar hannu, har yaran gida suna kirana injiniya, sai na ga babu abin da ya rage illa in shigar da ƙofa cikin tsarin, in huta da mabuɗi har abada.

Na nufi Adum ranar wata Asabar, na shiga wani shago inda wani saurayi mai zaƙin baki ya jera mini makullai a kan teburi kamar mai tallar zannuwa. Ya ce da farko sai na zaɓi hanyar da makullin zai yi magana da waya. Mai amfani da Bluetooth ba ya cin batir, amma ba ya jin kira sai mutum yana kusa, kamar taku goma daga ƙofa. Mai Wi-Fi kuwa ko kana Tamale za ka iya buɗe wa baƙo, sai dai yana shan batir kamar raƙumi ya sami rijiya, kuma yawancinsu zango ɗaya na siginar Wi-Fi, wanda ake kira 2.4, shi kaɗai suke kamawa a na'urar intanet ta gida. Akwai kuma masu Zigbee da Z-Wave, waɗanda batirinsu yake daɗewa, amma dole a haɗa musu da wani ɗan akwati da zai zauna a matsayin tafinta tsakaninsu da intanet, shi kuma tafintan da wutar lantarki yake rayuwa. Har ya kawo mini zancen Matter, tsarin da aka fito da shi a 2022 domin kayan Google da Apple da Amazon su riƙa fahimtar juna. Na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, alhali rabin bayanin ta bayan kunnena ya wuce.

Gaskiyar magana ita ce tun kafin ya gama na riga na zaɓi mai Wi-Fi, kuma ba don wata hikima ba. So nake a gan ni a majalisarmu ta bakin masallaci na ciro waya na ce, "Ku yi haƙuri, bari in buɗe wa yara ƙofa." Da ya tambaye ni kaurin ƙyauren, da kuma ko makullin da ke jiki irin wanda ake binnewa a cikin katako ne ko kuwa irin sakatar nan ta ƙofofin Amurka, sai na gwada masa da yatsu biyu, domin ban auna komai ba. Ya gargaɗe ni in sa batir huɗu masu kyau, irin na alkalin. Na biya kuɗin da ya isa sayen ɗan rago, saboda haka a hanyar gida na yi tsimi, na sayi batiran bakin titi masu araha. Kafinta ya wuni yana sassaƙar ƙyaure yana tsaki, domin awon yatsuna ya saɓa da na ƙofa.

Matsala ta farko daga Hajiya ta fito, wato mahaifiyata. Firiji da talabijin a sashena suke, don haka ƙofar ta kowa ce. Sau takwas muna ɗora babban yatsanta a kan na'urar karanta zanen yatsa, amma shekarun da ta yi tana dafa wake da shinkafa na sayarwa sun shafe zanen, ga kuma lalle ya rufe ɗan abin da ya saura. Duk lokacin da ta taɓa, sai wata muryar mace ta ce da Turanci a sake gwadawa. Hajiya ta dube ni ta ce, "Yanzu a gidan da na yi goyonka, wata baturiya ce za ta tsaya a bakin ƙofa tana tantance ni?" Na ba ta haƙuri, na ba ta lambar sirri. Ita kuma da yake ba ta riƙe lamba, sai ta ba jikarta ajiya, jikar ta faɗa wa ƙawayenta na makarantar allo, kuma kafin mako ya zagayo har mai kawo mana ruwan leda ya haddace ta. Wayata ta koma ƙara ba dare ba rana tana sanar da ni an buɗe ƙofa, har na daina ciro ta a majalisa don kunya.

Wata Laraba da dare, uwargida da yara sun tafi biki Ejura, na zauna na canja lambar. Na haɗa wata mai wuyar gaske, wadda babu ranar haihuwar kowa a cikinta, na kwanta ina yaba wa kaina.

Da asuba aka tashi da ruwan sama, kuma masu wuta sun yi abin da suka saba, wanda a nan muke kira dumso. Na fito da singileti da tawul a ƙugu, buta a hannu, domin in yi alwala a tsakar gida. Ina cikin shafar kai na ji ƙyat a bayana, sai na tuna cewa ni da kaina na saita makullin ya riƙa kulle kansa. Ban damu ba, na ɗora yatsa. Yatsan a jiƙe yake, sanyi kuma ya sa ya yamutse, baturiya ta ce ba ta san ni ba. Na goge shi a tawul na sake, ta ƙi. Na koma kan lamba, sai na tarar wuyar da na yi wa ɓarawo tanadi ni ta fara kamawa. A kuskure na biyar makullin ya saki jiniya, sannan ya ƙi sauraron kowa na wasu mintuna. Wayar tana ciki a kan katifa, kuma ko da tana hannuna, na'urar intanet ta mutu tare da wuta. Da mintunan suka cika, sai ya kunna jar fitila ya yi shiru gaba ɗaya. Ashe damina ta kumbura ƙyauren, ɗan injin da ke tura sakata ya kwana biyu yana kokawa da katako, batiran bakin titi kuwa sun ce ga garinku nan.

Jiniyar ta tara mini masu wucewa masallaci. Wani dattijo ya ce a kawo gatari, wani ya ce a tofa masa addu'a tukuna. Ɗan maƙwabcinmu ya ruga ya ɗauko batirin cajin waya, ya soka a wata 'yar kafa da ke ƙarƙashin makullin, wadda aka yi domin irin wannan rana. Makullin ya farfaɗo, jama'a suka yi hamdala, shi kuma ya nemi lambar da na manta. Wani ya tambaya ko ba a ba ni mabuɗin ko-ta-kwana ba. Na ce an ba ni har guda biyu, kuma na adana su a wuri mai aminci, a cikin kwalinsu, a saman durowa, a cikin ɗakin.

A nan ne Hajiya ta fito da carbinta, ta ratsa mutane ba tare da ta ce uffan ba. Ta kwance haɓar zaninta, sai ga mabuɗi ɗaure tare da goro. Ashe tun ranar da aka kafa makullin ta karɓi ɗaya a hannun kafinta, ta kuma sa ya nuna mata inda ramin yake a ɓoye. Ta ture ɗan murfin da farce, ta murɗa, ƙofa ta buɗe. Na miƙa hannu cikin ladabi na ce, "Hajiya, kawo in ajiye." Ta mayar da shi haɓar zani ta ƙulle sau biyu, ta ce, "Uku ka ɓatar bara. Shiga ka sa wando, liman ya tayar da salla."