Nahalal: tsarin da ake yabo da ƙasar da ba a son ambata

Hoton Nahalal, wani ƙauyen manoma a arewacin Isra'ila, daga sama yana ɗaukar ido. Gidaje sun yi zobe, gine-ginen jama'a suna tsakiya, gonar kowane gida ta miƙe ta bayansa tana ƙara faɗi. Richard Kauffmann ne ya zana ƙauyen, Yahudawa 'yan ci-rani daga gabashin Turai suka tare a cikinsa a 1921, a kwarin Jezreel, lokacin Falasɗinu na hannun Turawan Ingila. Wasunsu daga ƙauyen Degania suka fito, inda komai na kowa ne, har tukunyar abinci. Mahaifin Moshe Dayan, wanda daga baya ya zama ministan tsaron Isra'ila, na cikinsu. Sun gaji da wannan zama, suna son kowa da gidansa da gonarsa, amma a haɗa kai wajen sayen iri da kayan aiki, a sayar da madara da ƙwai tare, in rashin lafiya ta kwantar da wani maƙwabta su nome masa. Ta fuskar noma dai tsarin ya yi aiki, duk da fadama da zazzaɓin cizon sauro da suka tarar.

Inda nake rabuwa da masu yabon shi ne ƙa'idar da suka fi alfahari da ita: kowa ya noma da hannunsa, ba ɗaukar ɗan ƙodago. Daɗin ji gare ta, sai an tambayi gonar wa ake nomawa. An sayi filin ne daga iyalan Sursock, attajiran Beirut da ba su taɓa riƙe fartanya a wurin ba. Larabawan ƙauyen Ma'lul da ke noma da kiwo a yankin ba su da takarda, asusun Yahudawa na sayen filaye da ya mallaki ƙasar kuma a ƙa'idarsa ba ya ba wanda ba Bayahude ba haya. Ciniki ya halatta a kotu, amma manomin da ya rasa gona bai samu ko aikin ƙodago a cikinta ba. A yaƙin 1948 Ma'lul ta watse, mutanenta da dama suka koma Nazarat.

Ƙa'idar ma ba ta ɗore ba. Hauhawar farashi da bashi sun karya ƙungiyoyin irin waɗannan ƙauyuka a shekarun 1980, tunda kowa ya tsaya wa kowa a banki. Yau ma'aikata da yawa daga Tailan ne ke yin aikin ƙarfi a gonakin Isra'ila, ana biyansu lada, abin da aka hana maƙwabtan Nahalal tun farko.