Ba Kayan Wasan Ɗanka Ba Ne

Abin da ke ƙona min rai shi ne baƙo ya shigo ɗakina, ya hango mutum-mutumin Batman da Spider-Man a kan kanta, ya kwashe da dariya: "Haba Malam, gemai-gemai da kai kana wasa da 'yartsana?" Kafin in buɗe baki ya ciro ɗaya ya miƙa wa ɗansa. Jiya haka aka ɓalle wa Spider-Man ɗina hannu daga kafaɗa. Uban yaron ko a jikinsa, wai ai roba ce.

Roba ce, na ji. Amma yayana marigayi ne ya tsinto min shi a tulin kayan gwanjo ina aji huɗu a firamare. Jan fentin gwiwarsa ya koɗe, akwai shatin haƙorina a ƙafar hagu. Tun da aka ƙirƙiro Spider-Man a 1962 labarinsa na maraya ne da ya tashi a hannun dangi, kullum cikin rashin kuɗi. Ni ma a gidan kawuna na girma, shi ya sa na riƙe shi hannu bibbiyu.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Jerin irin waɗannan mutum-mutumin mai suna Marvel Legends da aka fara a 2002 manya ne ke rububinsa, wasu ko kwalin ba sa buɗewa.

Iyayenmu mata sun yi jeren kwalla da tasoshi har rufin ɗaki, babu baƙon da ya taɓa sauko da ɗaya ya ba yaro ya buga. To ni me ya sa ba za a tambaye ni ba? Yanzu ga ni da gam da tsinken ashana, hannun ya ƙi zama.