Biyan rabi ma raina kotu ne

Wato bawan Allahn nan da kuke ta wankewa tun jiya shi ne abin tausayin? Alƙali ya yanke masa naira dubu 30 duk wata domin ciyar da 'ya'yansa uku da ke hannun matar da ya saka, shi kuma ya koma gida ya ɗaukaka ƙara a gaban kansa, ya rage hukuncin zuwa dubu 8, sannan ya ɗora hoton rasit a Facebook domin a jinjina masa. Madalla da wannan sabon alƙali na Tudun Wada, wanda bai taɓa zama a kan kujerar shari'a ba amma yana soke hukunci daga kan wayarsa.

Wanda kotu ta ce ya biya talatin ya biya takwas ya raina kotu, daidai da wanda bai biya ko sisi ba. Ni a wurina ma ya fi shi wayo mara kyau, domin takwas ɗin nan ya aika ta ne don ta zame masa garkuwa ranar da aka kawo masa sammaci, ya miƙe ya ce ai yana ba da abin da ya sawwaƙa. Alƙali bai rubuta "abin da ya sawwaƙa" a takardar hukunci ba, adadi ya rubuta.

Na ga masu cewa rayuwa ta yi tsada tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Gaskiya ne, amma uwar yaran ba a wata kasuwa ta daban take awo ba, kuma mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kaduna ta amince da shi a 2024, naira dubu 72, bai zo da sharaɗin a manta da 'ya'yan matar da aka saka ba. Wanda samunsa ya ragu da gaske hanya a buɗe take: ya koma gaban alƙalin, ya kawo hujja, ya nemi a sassauta masa. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kowa ya ciyar gwargwadon wadatarsa, sai dai idan rigima ta kai kotu, ba wanda ake ƙara ne zai auna wa kansa wadatar ba. Masu cewa matar za ta sayi atamfa da kuɗin kuwa, ku fara ciyar da yaro ɗaya da dubu 8 na wata guda, sai mu yi magana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake barin mace da ɗawainiyar tabbatar da hukuncin da ta riga ta samu. Ita ce za ta hau Keke daga Rigasa, ta bar sana'arta, ta yini a harabar kotu, a ɗage zaman, ta dawo hannu rabbana. Alhali kotu tana da ikon sammato mutum ya yi bayanin samunsa, ta sa a cire kuɗin daga albashinsa ko asusunsa, ta kama kadararsa, idan ya yi taurin kai ta tsare shi. Malaman Malikiyya sun daɗe da halatta wa alƙali ɗaure mai bashin da ke ɓoye dukiya, kuma hadisi ingantacce ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci. Ina roƙon alƙalanmu da girman Allah su riƙa lissafa ragowar kowane wata a matsayin bashi, su bi shi har kobon ƙarshe.

Yanzu kuma na ji ya ce a ba shi 'ya'yansa ya riƙe da kansa. Shekara biyu bai san ajin da babbar take ba, sai da aka ambaci kuɗi ƙaunar reno ta motsa masa, kuma kowa ya san ɗakin tsohuwar mahaifiyarsa zai kai su ya ajiye.