Bel ɗin Fijo da Funfunar Damina

Fijo 504 da na gada daga marigayi mahaifina ƙirar 1984 ce, haɗin Kaduna, daga masana'antar nan da ta fara aiki a 1975, kuma a unguwarmu ana girmama ta fiye da yadda ake girmama ni. Ba na fitar da ita da damina saboda robobin gilasanta sun bushe sun tsattsage, sai in lulluɓe ta da tamfol a ƙarƙashin darbejiya. Aikin tamfol a watan Agusta kuwa shi ne ya hana iska shiga, ya tsare danshi, rana kuma ta dafa abin da ke ciki, wato ya tara wa funfuna dukkan bukatunta a wuri ɗaya.

Da aka sa ranar ɗaurin auren ƙanwar matata, surukai suka aiko cewa lallai da Fijo za a zo, domin a cikinta aka ɗauko yayar amarya. Na yaye tamfol, na buɗe ƙofa, warin da ya tarbe ni ya sa na ja da baya ba shiri. Kujerun ba su ba ni wahala ba, tsumma da ruwa suka ishe su. Bel ne ya zama abin kallo. Saƙaƙƙen zare ne da ya shafe shekaru yana shan gumi da man shafawa da maiƙon tsire, sannan ya naɗe cikin raminsa mai duhu a jikin ginshiƙin ƙofa, don haka funfuna ta bi shi tun daga sama har ƙasa, kore da fari da ɗigon baƙi. Fita ba tare da ɗaura shi ba kuma ba ta taso ba, tunda jami'an kiyaye haɗurra sun tilasta ɗaura bel tun 2003, kuma tsohuwar mota ce suka fi son tsayarwa don su ƙare mata kallo.

Kafin in ɗebo ruwa masu shawara sun cika ƙofar gida. Maƙwabcina ya rantse da bilic, wani yaro mai gyaran babur ya ce kananzir, uwargida ta ce toka da lemun tsami sun raba gardama tun zamanin kakarta. Tsohon bakaniken da ya riƙa duba motar tun Baba yana raye ne ya kashe maganar. Ya ce, "Alhaji, wannan zaren da kake gani shi ne zai riƙe ka ranar da ba a fata. Bilic yana cin ƙarfinsa, ya bar shi fes a ido alhali ya mutu. Ruwan ɗumi da sabulu mai laushi da ɗan khal, wato binega, sun isa, ka goge a hankali, kuma kada ka bari ya koma raminsa da danshi."

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya ci mini yini. An ƙera bel ɗin ne yadda idan aka fizge shi zai ƙulle, idan aka sake shi zai koma ciki da gudu, kuma duka biyun ya nuna mini cewa tsufa bai taɓa su ba. Idan na ja da ƙarfi sai ya cije, idan na lallaɓa shi kamar mai janyo akuya daga gonar mutane sai ya biyo ni har ƙarshe, da zarar na miƙa hannu zan ɗauki sabulu kuma sai ya kuɓuce. Na ɗauko abin maƙale shanyar uwargida na jera a bakin ramin, bel ɗin ya watsar da su gaba ɗaya, ɗaya ya faɗa cikin bokiti, wani ya tsallaka katangar maƙwabta. A komawarsa ta gaba ƙarfen bakinsa ya same ni a ƙashin yatsa, na furta wata kalma da ban san tana cikin bakina ba, bakanike ya yi kamar bai ji ba, ya miƙo mini filaya da tsumma na danne bel ɗin da su don kada ya sake komawa.

Daga nan aiki ya kankama. Na sami buroshin haƙori a bakin famfo wanda kamanninsa suka nuna an gama da shi, na bi zaren a tsaye kamar yadda aka umarce ni, ruwan bokiti ya koma kalar da ba ta da suna. Ina tsakiyar bel na biyu autanmu ya fito yana neman buroshinsa, ya gan shi a hannuna, ya koma ciki da kuka, sai ga muryar uwarsa: "Maigida, yaron nan fa jiya na saya masa shi." Yadda buroshin kwana ɗaya ya tsufa haka tambaya ce da babu wanda ya yarda a tattauna.

Shanya ta fi komai jawo 'yan kallo. Na zaro kowane bel waje, na ɗaure na direba a reshen darbejiya, na ɗaya gefen a ƙarfen taga, na buɗe ƙofofi huɗu don iska ta ratsa. Wani dattijo da zai wuce masallaci ya tsaya ya tambaye ni cikin ladabi ko motar ta fara gudu da kanta ne aka ɗaure ta. Hadari ya haɗo kafin la'asar, na kwance na shigar, ya watse ba tare da ɗigo ba, na sake ɗaurewa.

Ranar biki bel ya bushe, ya yi baƙi sumul, farar shaddata ta isa gidan surukai ba tabo. Warin khal ne kawai ya rage, har wata gwaggon amarya ta tambaya ko kwaɗon latas na ɗauko a but. Muna shirin tashi sai ta zura hannu a tsagar kujerar baya tana neman carbinta da ya faɗa, ta zaro wani abu mai laushi, kore shar, mai ƙarfe a baki. Ashe Baba ya sa an saka bel a baya ma, har guda biyu, kuma tun da na gaji motar ban taɓa ganinsu ba. Gwaggo ta dubi hannunta, ta dube ni, ta ce a kira mata mai Keke Napep.