Harsashi ɗaya a Tel Hai

'Yan uwana matasa, musamman ku da kuke kwana riƙe da bindiga kuna gadin ƙauyukanku, ku ba ni aron kunnuwanku. Na san da an ambaci Bayahude wasunmu sai su ɗaure fuska saboda abin da ke faruwa a Falasɗinu. Ni ma abin yana ci mini rai. Amma ku bari in ƙarasa.

Sara Cizik budurwa ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, iyayenta sun yi ƙaura da ita daga Yukren tun tana yarinya. Ta mutu ranar 1 ga Maris 1920 a Tel Hai, wata 'yar gonar Yahudawa mai katanga a arewacin Galili, a ƙasar Falasɗinu. Lokacin mulkin daular Usmaniyya ya ƙare a yankin, Larabawan yankin suna faɗa da Faransa. Da Faransa fa, ba da manoman nan ba.

Ran nan Kamal al-Husain na ƙauyen Khalisa ya zo da mutanensa, suka ce za su duba ko an ɓoye sojojin Faransa a ciki. Aka buɗe musu ƙofa, don an saba yin haka. Wasu suka hau ɗakin bene inda Sara take da abokan zamanta. Kowa hannunsa a kan makami, kowa yana kallon kowa da wutsiyar ido. Sai ƙarar harbi. Har gobe ana gardamar yadda abin ya faro. Aka jefa gurneti cikin ɗakin, wasu daga cikin waɗanda ke ciki suka mutu, har da Sara. Yahudawa shida suka rasu a ranar, har da jagoransu Yusuf Turumpeldo mai hannu ɗaya, Larabawa ma suka kwashi gawarwakinsu. Waɗanda suka tsira suka bar gonar.

To ku dubi kanku. Baƙo ya zo bakin gari da magariba, ba ka gane harshensa sosai, yatsanka yana kan kunamar bindiga, abokinka yana zuga ka. Ɗauke yatsan nan, ka kira babba ya yi magana. Kada ka ce ai ɗaya kawai za ka harba sama.

Shekara 9 bayan haka, a 1929, aka kashe ɗan'uwan Sara, Efrayim, yana kare gonar Hulda. Mutanen Khalisa kuwa sun rasa ƙauyensu a 1948, kuma a kan kufansa aka gina garin Kiryat Shimona.