Wai ba mu da tsari

Don Allah ku daina turo min bidiyon mutumin nan, na gani. Ya sha kwat, ya riƙe makirufo, wai duk ɗan kasuwar da korona ta karya dama can ba shi da tsari, da ya ware kuɗin wata shida a gefe da bai durƙushe ba. Sannu masani! Allah ya ƙara basira.

Mai shayin da jarinsa bai wuce kiret biyu na ƙwai da katan ɗin Indomie ba, wanda sai ya yi cinikin safe yake sayo kayan dare, shi ne zai ajiye kuɗin wata shida? A ƙarƙashin benci zai tono su?

Ran 16 ga Afrilun 2020 aka kulle Kano, ran 27 Buhari ya ƙara mako biyu, ga azumi ya kama. Kasuwar Kwari a garƙame, Sabon Gari a garƙame, Wambai haka, daidai lokacin da ɗan kasuwa ke haɗa cinikin shekara. Tela ya karɓi ɗinkin sallah, ba inda zai sayo zare. Daga baya aka ce a fito Litinin da Alhamis, ƙarfe goma zuwa huɗu. A awa shidan nan za ka saro, ka sayar, ka yi cefane.

Bashi ne ya riƙe mutane, malam. Bashi da amana. Ubangida a kasuwar Singa ya ɗora wa yaronsa buhunan sukari ba takarda ba shaida, ya ce in an buɗe ka kawo. Mai kantin unguwa littafin bashinsa ya cika har yana rubutu a bayan kwali, bai hana kowa garin kwaki ba. Uwar adashi ta juya layi, aka ba wadda ta fi matsuwa ta fara ɗauka. Masu shaguna da yawa suka ɗaga wa 'yan haya ƙafa. In wannan ba tsari ba ne, to ni ban san mene ne tsari ba.

Na san wani zai ce ai gwamnati ta ba da rance. Eh, Babban Banki ya ware naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL, akwai waɗanda suka samu, Allah ya amfana. Amma fom a intanet ake cikewa, sai da BVN, sai jira. Mai tuyar awara a zaure kafin saƙo ya shigo ta cinye kuɗin waken suya. Wa ya tashe ta? Mai waken da ya auna mata kwano biyar bashi.

Masu cewa da an koma intanet kuma ku huta. Mata masu atamfa da turaren wuta sun yi ciniki a WhatsApp, ban musa ba. To mai faci fa? Ta waya zai liƙe taya?

Wallahi duk wanda ya ba da kaya a lokacin nan, alhali shi ma bai san ranar buɗe kasuwa ba, ya cancanci addu'a. Wasunsu har yau ba su miƙe ba.

Af, tunda maganar ta zo: ku da kuka karɓi kayan mutane tun 2020, kuka canza layin waya, yanzu muna ganin hotunanku a Umara. Ku zo ku biya, littafin yana nan ba a yaga ba.