Tuwo a Zauren Dambe

Wani Bakano ya sayi tsohon zauren damben boksin a Tudun Wadar Kaduna domin ya mayar da shi gidan abinci, sai ya tarar da wani dattijo Bazazzagi wanda ya tsufa yana gadin wurin.

Bazazzagi: Alhaji, don Allah kada ka rushe ginin nan, domin a cikinsa samarin unguwa suka riƙa fasa wa juna hanci tun da ɗan damben Najeriya Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a 1957, kowa yana mafarkin ya gaje shi.

Bakano: Baba, wa ya ce maka zan rushe? Injiniya ya ce ƙa'idar gyaran ginin tarihi ita ce a bar duk abin da ke da sauran ƙarfi, a sauya azarar da gara ta cinye kawai, kuma tunda nake ban taɓa jin ilimin boko mai tausayin aljihu irin wannan ba.

Bazazzagi: To, kwanon rufin da ke yoyo fa?

Bakano: Shi ma tarihi ne, idan damina ta faɗi sai a matsar da tebura. Waccan ƙararrawar kuma ta mece ce?

Bazazzagi: Da ita ake raba turmi, domin minti 3 ake fafatawa, sannan a huta minti 1.

Bakano: Madalla da Turawa! Duk wanda ya zauna cin tuwo minti 3 gare shi, da an kaɗa ta sai ya wanke hannu ya ba na bayansa kujera. Wancan sikelin fa?

Bazazzagi: A kansa ake auna 'yan dambe kafin su kara, don kada a haɗa ƙato da ɗan tsurut.

Bakano: Ka ga an hutar da ni sayen ludayi. Za a auna mutum idan ya shigo, a sake auna shi idan zai fita, abin da ya ƙaru shi zai biya.

Bazazzagi: Idan kuwa haka ne, ranar buɗewa zan shigo da duwatsu cike da aljihun babbar rigata, in ci malmala 4 da miyar taushe, in zubar da duwatsun a ƙarƙashin tebur, sannan in hau sikeli ka ba ni canjina.